Tubalin Gidan Likita

Zuwa ga jikana Mamman, a Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina lahiyarka, ina gajiya, ina baƙunci? Ina mutanen gidan da kake zaune? Mu nan Kore Mairuwa lahiya lau, sai dai haushi.

Ka tuna ɗan Malam Idi, wanda ya yi lakwal, karatun boko? Kujerar konseye, wato kansila, ya hito nema. Ya ce in muka buga tubalin gidan likita, shi zai kawo kwano da lokotoro mai duba marasa lahiya. Muka yi gayya da bazara, har ni da wannan ƙugun na ɗauki tulu. Tubali ya bushe, magina suka zo, sai ya ce a dakata, kumandan, babban gwamnati, ne zai aza na hwarko bayan zaɓe. Muka jehwa mishi ƙuri'a. Kumandan bai zo ba, ruwa ya zo. Yanzu agwagi ke wanka a wurin.

Shekaranjiya ya dawo cikin mota, wai a sake bugawa. Na ce mishi, "Ɗan nan, ni na yanke maka cibiya, kuma ban jira kumandan ba."

Matarka Hadiza ta shiga wata takwas, ka kuwa san yadda waccan haihuwar ta ƙare. Ina son in kai ta Dutsi wurin gwaggonka, kusa da likita, tun hanya ba ta ɓaci ba. Ubanka ya ce sai da izininka. Ka amsa da wuri, in ba haka ba in ɗora ta bisa jaki, in ka dawo ka sake ni.

Ka yi mata addu'ar sauka lahiya. Ka gaida 'yan uwanmu Arawan da ke nan.

Kakarka, Tani.