Masu Tsince Tsutsa Daga Itacen Haikali

Zariya, 9 ga Shawwal

Zuwa ga mahaifina, Malam Balarabe mahauci, Madina.

Assalamu alaikum Baba. Ina gaishe ka da ladabi, da fatan kai da Umma kuna lafiya, kuna kuma jure zafin Madina. Tunda ka ce maganar kirki ba a yin ta da saƙon murya, ga takarda na rubuta, zan ɗauki hotonta in tura wayar Umma.

Na san ba ka son zancen bincikena. Tun ranar da na ce digirina na biyu a kan dokokin hadayar Yahudawan dā zan yi shi, ba ka ƙara tambayata karatu ba. To yau na maƙale, kuma duk jami'ar nan babu mai fid da ni sai kai.

Lokacin da haikalinsu ke tsaye a Ƙudus, kullum safe da yamma sai an yanka ɗan rago. Masu aikin limamansu ne, zuriyar Annabi Haruna, alaihissalam, kuma malamansu sun bar bayaninsa filla-filla. Abu uku sun ɗaure min kai. Ana shayar da ragon ruwa dab da yanka. In za a rataye shi ba a karya ƙafarsa, huda ta ake yi. Kayan cikinsa kuma a kan teburin dutse ake wanke su. Malamin da ke duba aikina ya ce duk ishara ce ta ruhi, ya yi min bayanin awa biyu. Ni da na girma ina kai maka abinci maslak, mayankar da kake aiki, jikina ya ba ni wannan maganar mahauta ce.

Don Allah ka taimaka min. A gai da Umma.

'Yarka, Murja

*

Madina, 16 ga Shawwal

Murja, wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, Allah ya yi miki albarka. Za ki ga rubutun uwarki ne, gilashina ya karye, ni nake faɗa tana rubutawa.

Har yanzu ban ga abin da ya kai ki littattafan Yahudawa ba, kamar namu sun ƙare. Amma tunda an taɓo sana'ata ba zan bari a yi mata ƙarya ba. Wannan malamin naki ya taɓa riƙe wuƙa kuwa? Ishara! Dabbar da ta sha ruwa fatarta ta fi saurin rabuwa da nama, ko ɗan koyo ya san wannan. Ƙafa kuma, in ka karya ta ɓarɓashin ƙashi zai shiga naman, kuma da nauyi ya ja sai ragon ya faɗo ƙasa. Tsakanin agara da ƙashi ake hudawa, nan ne ke ɗaukar nauyi. Dutse kuwa sanyi gare shi, kayan ciki ba sa saurin wari a kansa.

Ki gaya masa in ji Balarabe, wanda ya shekara ashirin da shida yana yanka a garin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, bai taɓa maimaita wuƙa a wuyan dabba ba. Gaskiya ɗaya zan faɗa: duk wanda ya tsara wannan bayanin ya tsaya kusa da jini, ba labari aka ba shi ba. Mahauta ne na gaske.

Wataƙila bayan Babbar Salla mu dawo gida gaba ɗaya. Na gaji ne kawai, kada ki tsare ni da tambaya.

Mahaifinki, Balarabe

*

Madina, 17 ga Shawwal

Murja 'yar albarka, ina gajiya, ina karatu? Wannan tawa ce, bai san na rubuta ba.

Gilashinsa lafiyarsa ƙalau, ga shi nan a kan talabijin. Ranar uku ga Ƙaramar Salla injin yanka ƙashi ya cire masa yatsu biyu na hannun dama, babban da manuni. An ɗinke, ciwon ya kama hanyar warkewa, amma riƙon wuƙa khalas, ya ƙare. Ya hana ni gaya miki har da rantsuwa, zan yi kaffara.

Mudirin maslak, wato shugaban wurin, bai kore shi ba. Ya ce ya koma bakin ƙofa yana duba dabbobin da ake shigowa da su tare da likitan dabbobi, albashinsa yadda yake. Kin san halin babanki. Ya dawo gida yana huci, wai shi za a mayar mai gadin tumaki, yaran da ya koya wa wasa wuƙa su riƙa wuce shi da rigar aiki. Ya ce a ba shi huruj, wato fitar da ba dawowa. Iƙamarsa, takardar izinin zama, ranar biyar ga Zulhajji za ta ƙare, ranar zai sa hannu, ko a sabunta ko mu tattara.

Ni ba komawa gida nake tsoro ba. Tsorona ya koma da wannan baƙin cikin ya zauna a ɗaki ya rube. Mutumin da kullum addu'arsa a binne shi a Baƙi'a! Na yi magana har bakina ya gaji. Amma ranar da ya amsa tambayoyinki ya ci tuwo malmala biyu, rabon da ya yi haka tun kafin ciwon. Ki san abin da za ki ce masa.

Umminki, Azumi

*

Zariya, 2 ga Zulƙida

Baba, assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya jiki? Kada ka yi wa Umma faɗa, na sani, kuma na yi kukana na share.

Na fara da albishir. Na karanta amsarka a gaban malamai biyar. Mai duba aikina ya ce a sake babin bisa bayaninka. Wallahi Baba, ji na yi kaina ya kusa taɓa rufi.

Yanzu ga abin da na karanta, ka yi haƙuri ka ji har ƙarshe. A dokarsu, limamin da ya samu nakasa a jiki, ko da yatsa ne, ba ya ƙara yin hidimar bagadi, wurin da ake ƙona hadaya. Amma ba a korarsa. Rabonsa na nama yana nan daidai da na 'yan uwansa. Akwai wani ɗaki a harabar haikalin inda ake tara itacen wuta, nan irinsu suke zama suna duba itacen ɗaya bayan ɗaya, domin icen da tsutsa ta ci bai halatta ya hau bagadi ba. Limamin nan mai lafiya da ke tsaye cikin farar riga, wutarsa ba ta kamawa sai da icen da wancan ya ce ya yi.

Ban ce dokarsu tamu ce ba. A wurinmu yankanka halal ne ko da hannun hagu. Abin da na gani kawai shi ne, aikin da ba a amince wa kowa ba aka ba su.

Wata tambaya kuma. Dole in sa sunanka da sana'arka cikin waɗanda na ɗauko ilimi a wurinsu. Me zan rubuta?

'Yarka mai alfahari da kai, Murja

*

Madina, 5 ga Zulhajji

Murja, ina wuni? Ki zauna ki ji.

Takardarki ta tayar min da gobara a gida. Kwana uku bai yi min magana ba, sai dai ya riƙa zagaye falo yana cewa 'yar da ya haifa ta haɗa shi da masu tsintar tsutsa. Wata guda bai ba ki amsa ba, kin gani ai.

Yau da safe ya sa farar jallabiya ya tafi sa hannun huruj. Sauran labarin Issoufou abokin aikinsa, mutumin Maraɗi, shi ya kira ni ya ba ni. An cika garken maslak da ragunan layya, likita ya riga ya buga musu hatimi. Wata tsohuwa 'yar Chadi, Fatna, tana tsaye tana yaba wanda ta zaɓa, fari ƙato. Babanki har ya wuce, sai ya ja ya tsaya. Wai ya ga ragon sai ya juya kansa gaba ɗaya kafin ya ga ciyawa. Ya tsallaka cikin garken da farar jallabiyarsa, ya kaɗa hannu a gefen idon hagu, rago ko ƙiftawa bai yi ba. Idon garau a gani, amma a mace yake.

Ya ce mata, "Hajiya, wannan nama ne, ba layya ba."

Daga nan fa ba wanda ya iya fito da shi. Ya buɗe bakin wannan, ya ɗaga ƙafar wancan, cikin sittin ya ware bakwai. Dillalin da ya kawo ragunan ya yi ta kumfar baki da Larabci, likitan ya sake dubawa ya ce duk bakwai ɗin gaskiyarsa ne. Tsohuwar ta riƙe hannun nan mai ciwo ta yi ta addu'a. Issoufou ya ce mahautan duka sun ajiye wuƙaƙe sun fito kallo.

Ya shiga ofishin mudir ya daɗe. Ya dawo gida jallabiya duk kashin tumaki, na tambaye shi wace takarda ya sa wa hannu, ya ce in kawo masa abinci. Mijina ke nan, ko ya bar ni da zullumi ina alfahari da shi.

Umminki, Azumi

*

Madina, 6 ga Zulhajji

Murja, wa alaikumus salam. Allah ya yi miki albarka.

An sabunta iƙama. Kada ki ɗauka limamanki ne suka zaunar da ni. Mutum bakwai ne suka kusa yin Salla ba layya, ina tsaye.

Daga gobe ba ragon da zai ga wuƙa a maslak ɗin nan sai ya bi ta hannuna. A littafin naki kada ki sa mahauci. Ki rubuta: Balarabe mai duba raguna, Madina.

Mahaifinki