Kofin Capman da Ban Taɓa Sha Ba

Malam,

Gaisuwa mai yawa. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, amma wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Gida lafiya. Lantarki ya iso unguwarmu, akuyarka mai taurin kai ta haifi biyu. 'Yan kwangila sun cika gidan saukar baƙi tun da kuɗin mai ya shigo, kowa lemon Capman yake nema, kuma an ce wanda ya gaje ka bai iya haɗawa ba.

Ka tuna yadda nake tsokanarka da sunan nan? Ka ce wai wani Bature ne a Ikko, ba ya shan giya, ya sa aka haɗa masa lemo ja da kokwamba, sai sunansa ya bi abin. Wasu kuma sun ce sunan mai haɗawar ne. Kai wannan ka fi so, don a ganinka ma'aikaci ma ya cancanci a tuna da shi.

Ga abin da na ɓoye maka. Duk Juma'ar da ka kawo mini nawa, lulluɓe da ƙyalle a kan kekenka, ban taɓa sha ba. A gindin zogale nake zubarwa, in goge baki in ce ya yi daɗi. Ka rantse mini babu giya a ciki. Amma matan da muke haɗuwa da su a rijiyar Kusugu sun ce hannun da ke zuba wa Turawa barasa ba a yarda da kofinsa, ni kuma na ɗauki tasu na bar taka.

Bayan sadakar arba'in, Ilu, kukun gidan saukar baƙin, ya kawo mini wani ƙunshi. Kofi ne da cokali. Ya ce daban kake ajiye su, da kanka kake wankewa, ba ka yarda ko kusa da kwalaben giyar nan su je, saboda nawa ne.

Shekara tara, Malam. Ka sani ka yi shiru, ko har ka tafi kana zaton ina sha?

Jiya na sa Ilu ya haɗa mini, na shanye tas ina kuka. Ashe da daɗi.

Ka yafe mini. Allah ya shayar da kai ruwan Alkausara.

Taka har gobe,
Uwani