Tuƙar Tunkiyar Baba Bawa

Lahadi, 12 ga Mayu, 2024

Na sayi ragon layya. Balami, fari fat, da safen nan aka tsallako da shi daga wajen Maraɗi. Sai da mutum uku suka sauke shi. Na sa masa suna Kamiyo, yadda mutanen Nijar ke kiran babbar mota. Duk layinmu an leƙo. Ni Abbas da na shigo Jibiya da riga ɗaya, yau ga shagon hatsi uku. Bayan Allah, ba wanda ya ɗaga ni. Ni na yi kaina.

Laraba, 15 ga Mayu

Baba Bawa ya zo daga Gangara. Tsohon direba ne, mun taɓa zama tare da can, shi ke nan. Ya shafa bayan Kamiyo ya ce, "Abbas, riƙe shi da harawa. Hatsi kaɗan-kaɗan." Abbas, ba ko Alhaji, a gaban mutane. Na ce, "Baba, kai da ake ƙirga haƙarƙarin tunkiyarka daga tsallaken titi?" An yi dariya. Shi ma ya yi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Asabar, 1 ga Yuni

Lawwali mai sayar da mai ya ce a majalisa wai ragonsa ya fi Kamiyo ƙirji. To.

Lahadi, 2 ga Yuni

Na kori harawa daga gidana. Abincin ragon talaka ce. Daga yau barzajjiyar masara da dawa da alkama, kwano cike, sau uku. Matata Safara'u ta ce, "Alhaji, ba a yi wa dabba canji rana ɗaya." Na ce mata hatsi ya shiga, nama ya fito, ina wahalar ganewa? Na yi aji uku a sakandare.

Litinin, 3 ga Yuni

Ya cinye tas. Na ƙara masa sauran shinkafar rana.

Talata, 4 ga Yuni

Kamiyo na kwance. Ciki kamar ganga, ga zawo, ga warin tsami har zaure. Na ce a rufe ƙofar gida.

Laraba, 5 ga Yuni

Malamin dabbobi ya zo, ya yi allura, ya ɗura masa ruwan kanwa. Ya tambayi me ya ci. Na ce abinci. Safara'u daga bayan labule ta jero masa komai, har shinkafar. Ba ita aka tambaya ba.

Bayan la'asar na tambayi liman, na ce wani abokina ne ragonsa ba lafiya. Ya ce dabba mai ciwo bayyananne ba ta yin layya. Ya ƙara da, "Allah ya ba ragon abokin naka lafiya, Alhaji, ka ce masa ya rage hatsi." Garin nan ba sirri.

Saura kwana goma sha ɗaya.

Juma'a, 7 ga Yuni

Kumburi ya saɓe, amma ba ya ci, ba ya tuƙa. Baki a rufe kamar mai fushi da ni.

Na kira ɗiyata Ilham, mai karatun dabbobi a jami'a. Ta ce wai rago ba shi ke narkar da abincinsa ba. A cikin tumbinsa akwai ƙananan halittu, ido ba ya ganinsu, sun fi mutanen duniya yawa. Su ke cin ciyawar, su mayar da ita abin da jini zai ɗauka ya zama ƙarfi da kitse. Har su kansu in sun gangara cikin hanji, rago ya narkar da su ya gina nama. Na ce ashe ƙaton nan zaman ɗan haya yake a jikinsa. Ta ce, "A'a Baba, shi ne mai gidan, amma su ke girki." Hatsin da na danna masa ya yi tsami a ciki kamar kunun da ya kwana uku, tsamin ya kashe masu girkin.

Na ce a sayo wasu, ko a Katsina ne. Ta yi dariya, a kan katin wayata. Wai sai dai a samo daga bakin lafiyayyar dabba mai cin ciyawa: idan ta dawo da tuƙa, a ƙwace, a dama da ruwan ɗumi, a ɗura masa. Na Lawwali ba zai yi ba, shi ma hatsi ake dirka masa, kuma ko zai yi gara in mutu. Ta ce, "Ka je wurin Baba Bawa, ya iya."

Asabar, 8 ga Yuni

Ba ni zuwa Gangara.

Lahadi, 9 ga Yuni

Ƙashin bayansa ya fara fitowa. Ba ni zuwa.

Litinin, 10 ga Yuni

Na je, da Kamiyo a bayan a-kori-kura, na lulluɓe shi da tabarma.

Baba Bawa na gindin dalbejiya, tunkiyar na kwance kusa da shi tana tuƙa kamar matar da ba ta da damuwa. Na yi gaisuwa mai tsawo. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Mi ya kawo ka wurin mai haƙarƙari?" Na faɗa. Bai yi dariya ba. Ya ce shi hannunsa na rawa yanzu, ni zan ƙwato. In zuba wa wuyanta ido, da na ga dunƙule ya hau, in kama muƙamuƙi in zura yatsa.

Na cire babbar riga. Na tsuguna gaban tunkiya kusan awa guda, ni mai shago uku. Na farko ta haɗiye. Na biyu ta haɗiye. Na uku na samu, ita ma ta samu yatsana. Ashe turamen tunkiya reza ne.

Abin kore, ɗumi, wari. Muka dama muka ɗura. Yana ɗaure mini yatsa da tsumma ya ce, "Tun kana karen motata haka kake, gaggawa. Ka tuna randa ka cika wa injin mai har ya shaƙe a Ɗan Isa?" Ban tuna ba. Wato na tuna.

Laraba, 12 ga Yuni

Na koma jiya, na koma yau. Yanzu ina ƙwacewa a karo na farko. Kamiyo ya ci harawa kaɗan. Harawar Baba Bawa ce, tawa na riga na kyautar.

Alhamis, 13 ga Yuni

Da hantsi na ga dunƙule ya hau wuyansa, muƙamuƙi ya fara juyawa. Na kira Safara'u ta zo ta gani. Muka tsaya mu biyu muna kallon rago na tuƙa kamar sinima.

Litinin, 17 ga Yuni

Jiya an yi layya, lafiya lau ya miƙe da ƙafarsa har wurin yanka. Na Lawwali ya fi shi kitse. Ƙirji dai a bar maganar.

Da mahauci ya fasa tumbi na sa tabarau na duba da kyau. Ban ga kowa ba.

A majalisa wani baƙo ya tambayi yadda na fara. Na ce na shigo da riga ɗaya, sai na ji bakina ya ce a motar wani na shigo. Yatsan nan ne, zogi ke sa mutum surutu.

Cinya guda na kai Gangara da kaina, da damin harawa biyu na tunkiyar. Ba don komai ba, hanya ce ta bi da ni. Safara'u ta ce hanyar ina. Ba ita aka tambaya ba.