Tana Cikin Aji, Rajista Ta Ce Ba Ta Zo Ba

Zuwa ga Malam Hedimasta,
Makarantar firamaren unguwarmu, Azare.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran malamai, ina yi maka sannu da ɗawainiyar yaranmu. Ni ce yayar Zuwaira, yarinyar nan mai in'ina ta aji shida. Ni ce matar da ta zo ofishinka sau biyu, na biyun da littattafan rubutu ƙunshe a ɗankwali. Karatuna bai wuce firamare ba, littattafan hikaya da nake haya a bakin kasuwa su suka hana shi gudu, don haka a yi mini afuwa in na yi kuskure. Na roƙi maigidana ya miƙa wannan takarda a karanta a taron iyaye da malamai, domin abin da ya same mu zai iya shiga gidan kowa.

Da godiya zan fara. Ka mayar da sunan Zuwaira cikin masu jarrabawar shiga sakandare, ta rubuta, ta ci, yanzu an kira ta intabiyu. Tun ranar da labarin ya zo nake jin abinci yana da ɗanɗano. Amma akwai abin da ya rage, kuma ba zai fito daidai ba sai na faɗi yadda aka yi.

Na ɗaya. A ƙarshen zango na biyu kuka aiko da takarda cewa Zuwaira ta yi fashin makaranta kusan zango guda, an cire sunanta daga cikin masu jarrabawa. Ni kuwa kullum da hannuna nake ba ta koko, ina kallo ta fita da jakarta. Maigida ya zaunar da ita ya tambaye ta ina take zuwa. Ta buɗe baki, maganar ta maƙale, sai hawaye, shi kuma ya ɗauka rashin gaskiya ne. Labari ya kai Udubo wurin mahaifinmu, ya aiko direban motar kasuwa ya ce in ba karatun take yi ba a dawo masa da 'yarsa. Wanda ya san ƙauyenmu ya san in ta koma, maganar sakandare ta ƙare.

Ba zan ɓoye ba, kaina cike yake da labarai. Na raya cewa wata muguwar tsohuwa ce ke janye ta a hanya. Na raya cewa bakin tafki take zuwa ta zauna ita kaɗai kamar marayun cikin littafi. Da aka koma makaranta bayan hutu na nemi izinin maigida, na yafa mayafi, na bi ta daga nesa. Ba ta ko waiwaya ba har ta shiga aji. Na laɓe jikin bishiyar dogon yaro da ke kusa da taga.

Ga abin da idona ya gani. Sabon malamin da aka kawo musu a tsakiyar shekara ya buɗe rajista, ya sunkuyar da kai, yana kiran suna da sauri, yara suna amsawa. Ajin cike yake har wasu a ƙasa. Da ya zo kan Zuwaira, na ga ta miƙe rabi, bakinta a buɗe, jijiyar wuyanta ta fito. Kafin kalmar ta fito ya wuce suna biyu. Bai ɗago ba. Ya zana mata ƙwai, alamar ba ta zo ba, alhali tana zaune a benci na uku. Yaran da ke gefenta suka rufe baki suna dariya. Ita kuwa ba ta ma san abin da ake rubutawa ba, ta ɗauka malam yana ganinta.

Na biyu, kuma nan ne ƙorafina. Zuwana na farko ofishinka na faɗi abin da na gani, ka ce mini, "Hajiya, rajista ba ta ƙarya." Ka ce in turo maigidana. Malam, ba a kira yarinyar ba, ba a leƙa ajin ba, tafiyar da ba ta fi taku ashirin daga ƙofarka ba. Na koma gida na kwaso littattafan rubutunta. A ranakun da rajista ta ce ba ta zo ba, ga lissafinta da kwanan wata a saman shafi, ga jan biron malamin da kansa ya yi mata maki. Hannu ɗaya ne ya ce ba ta nan da safe, ya kuma rubuta mata “da kyau” kafin azahar. Zuwana na biyu aka ce kana da baƙi. Ba na faɗin wannan don in ci mutuncinka, kai uba ne a wurinmu. Na faɗa ne domin saura kwana kaɗan motar Udubo ta tafi da ita.

Na uku. Malama Rifkatu ta aji uku, 'yar kudancin Bauchi, ita ta gan ni zaune a gindin bishiya da ƙunshina. Ta tambaye ni, na ba ta labari. Da aka tashi tara ta ɗauko rajistar, ta jera ta da littattafan rana bayan rana, ita ce kuma ta shigo maka da su. Da ka gani ba ka yi jayayya ba, a take ka gyara, Allah Ya saka maka. Shi ma malamin ya tako har shagon ɗinkin maigida ya ba da haƙuri, ya ce bai gama sanin fuskokin yaran ba. Mun yafe masa.

Malama Rifkatu ba ta tsaya nan ba. Ta ce tana da ƙane mai irin wannan lalura, ta san kanta. Ta shawarci malamin ya bar Zuwaira ta riƙa ɗaga hannu in an kira suna, shi kuma ya riƙa ɗagowa. In tambaya ce, ya gaya mata tun farkon darasi cewa zai zo kanta, kada ya faɗo mata bagatatan. In ta fara magana a yi shiru, kada wani ya ƙarasa mata. Ranar da abin ya yi tsanani ta fita ta rubuta amsar a allo. Ta kuma haɗa ta da wata ƙawa, su riƙa karatu da murya tare, domin ta lura in bakin mutum biyu ya tafi lokaci guda, harshen Zuwaira ba ya sarƙewa. Na gwada a gida da rana bayan mun gama wanke-wanke. Muka buɗe littafina muka karanta shafi uku tare, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. In'inar ba ta tafi ba, har yau tana nan. Amma yarinyar da ke sunkuyar da kai yanzu ita ke ɗaga hannu.

Ni ma da nawa laifin. Shekara biyu tana hannuna, in ta fara magana sai in yi sauri in ƙarasa mata, don in koma kan labarin da nake karantawa. Na san halin mutanen cikin takarda, ban san halin da ƙanwata take ciki ba. Ina faɗa ne don iyayen da za su ji wannan wasiƙa su duba gidajensu.

Ga roƙona.

A umarci kowane malami ya ɗago ya dubi yaro kafin ya zana masa ƙwai. Ban yarda Zuwaira kaɗai ba ce a makarantar nan. Akwai mai nauyin baki, akwai mai ƙarancin ji, akwai wanda da Fulatanci ya tashi, Hausar ma bai gama kamawa ba balle Turanci. Kafin a kori yaro kan fashi, a kira shi a zauna da shi, a duba littafinsa.

A ba Malama Rifkatu dama ta zauna da sauran malamai ta nuna musu dabarun nan. Ba sa cin komai sai haƙuri. Kada dabarun su tsaya a aji ɗaya, ko su tafi ranar da aka canja mata wurin aiki.

Na ƙarshe shi ne ya hana ni yin shiru. An ce a intabiyu manyan malamai ke zama a bayan tebur, yarinya ta shigo ita kaɗai, su tambaye ta sunanta da na garinsu, ga layi a waje yana jira. Ba su san Zuwaira ba, babu ƙawar karatu, babu allo. Idan ta maƙale a kan sunanta, za su ce a shigo da ta gaba. Mahaifinmu ya yarda ta ci gaba, maigida ma ya ce shi zai ɗinka mata kayan makaranta da hannunsa. Ina roƙonka don Allah ka rubuta layi biyu da sa hannunka da hatimin makaranta, a maƙala a takardarta, ka ce musu yarinyar nan tana da in'ina, ta san amsa, a jira ta.

Allah Ya ƙara maka lafiya da girma, Ya albarkaci zuriyarka, Ya ba ka ladan kowane yaro da ya bi ta hannunka. Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya sa ka gama aikinka lafiya.

Wassalam.

Ni ce taku,
Yayar Zuwaira, Azare.