Mu Takwas a Filin Paris

Lahadi da dare, Yuni 2011, Rillieux

Har yanzu jikina rangaji yake, kamar ban sauka daga jirgin ƙasan Paris ba.

Mu takwas muka je wasan bezbol, alhali sai an cika tara ake shiga fili. Laifin cinikin Malam Habu ne, kocinmu. Ya ba ƙungiyar Guillotière ƴan bencinmu uku, har da Sani, aka ba shi Laminu, wai ya fi su bugu. Ɗan fifikon ma bai taka kara ya karya ba. Ya manta rabinmu ƴan Damagaram ne. Yau sunan ɗan Alhaji Isufu, mutumin garinsu, sai suna ya kwashe mutum huɗu, har da Laminun.

A hanyar dawowa na jingina goshi da gilashi, gonaki suna gudu, na riƙa ganin Sani a zuciyata, zaune a ƙarshen benci yana ɓarar gyaɗa, safar kama ƙwallo a cinyarsa. Kowace Lahadi sai ya ce, “Malam, in shiga?” A ce masa tukuna.

Da alƙalin wasa ya gama ƙirga mu ɗazu, Malam Habu ya juya wajen benci, ya ce a hankali, “Sani, tashi.”

Jakunkunanmu ne kawai a wurin.