Ƙwallon Tsamiya a Tukunya ta Huɗu

Assalamu alaikum Yaya Mushtak,

Ka gafarce ni, na dame ka ana tsakiyar girbin shinkafa. Yaya gwiwar Umma? Ina yara?

Mu nan bayan garin Haidarabad sai godiya. Tarin maigidana, Baban Rubina, ya lafa, sai dai likita ya daina sauya masa magani, ya ce saura addu'a.

Unguwa ta cika, kowa da yarensa. Ran Lahadi aka taru don zaɓar buƙatar da wakilinmu zai kai majalisar jiha. Da yake ba duka muke jin juna ba, sai aka jera tukwane: ta famfo, ta motar haya, ta makaranta, ta maƙabarta. Kowane gida ya jefa ƙwallon tsamiya ɗaya.

Maƙwabciyata Lakshmamma ta zungure ni: "Ke mai kukan ruwa kullum, me ya kai ki ta huɗu?" Da ta dubi fuskata, sai ta jefa nata bayan nawa, alhali su a addininsu ƙona gawa suke yi. Allah ya saka mata.

Famfo ya ci. Alhamdu lillahi, ruwa ma rahama ne.

Yaya, ko da sauran wuri kusa da kabarin Abba? Don Allah ka ba ni amsa da wuri.

Ƙanwarka,
Shahnaz