Tsattsewa a Soron Baba

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina gajiya, ya ruwan Fatakwal? Ya Maman Amira da yara, ya ƙafar taka? Mu nan Kiru lafiya, alhamdu lillahi.

Yaya, gyaran gidan nan ya hana ni sukuni. Tsattsewar da ke zuwa daga nesa gab da damina, waɗanda Baba ba ya fito da iri sai ya gan su, sun iso ranar Talata. Sun tarar an shafe zaure da siminti, ramukansu duk a toshe. Wuni suke suna kewaya gidan da kuka. Unguwa kuma duk ta koma kwano, ina za su?

Wasu sun shige tsohon soron Baba, na ga suna kai ciyawa. Jiya magini ya zo rushe shi, na tsayar da shi. Ya ce, "Hajiya, tsuntsu ne zai hana aiki?" Na ce haƙƙinsu nake tsoro.

Don Allah ka bar soron sai kaka. Asabar maginin zai dawo, kuma maganarka zai ji, ba tawa ba.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutan gidan.

Ƙanwarka,
Hadiza